Muryar Modu a Cikin Finafinanku

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu fassara da tura finafinai a waya na cikin garin Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka fatan alheri, kai da iyalinka da duk matasan da ke samun abinci a ƙarƙashin ƙungiyarka. Ya aiki, ya kuma haƙuri da wannan zamani da muka samu kanmu a ciki? Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Ranka ya daɗe, sunana Hajara. A Kagarawal nake aure, ɗinki nake yi a zauren gidanmu. Kai ba ka san ni ba, amma yaranka sun san ni sarai, Adda suke ce mini, don da wuya mako ya fita ban aika musu da memori sun cika mini ba. Na so a ce wannan magana a ofishinka muka yi ta, ƙofa a rufe. Na je, na kuma sake komawa. Zuwan farko aka ce ka yi tafiya. Na biyu aka ce kana ciki amma kana mitin, na zauna a benci har aka kira la'asar, sai wani ya leƙo ya ce ai ka daɗe da fita ta baya. Sai ranar na san ofishin naku yana da ƙofar baya. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Bari in fara kawar da wani zato. Ba na cikin masu cewa kallon fim lalacewa ne, ba kuma so nake a rufe muku shaguna ba. Tun da aka fara tsoron gidajen kallo, maza suka daina cunkusuwa a ɗaki mai ƙofa ɗaya, ku ne kuka ɗebe wa garin nan kewa. Ni da nake mace da ma ba gidan kallo nake zuwa ba, waya ce ta kawo mini sinima har kan keken ɗinki. Ina jingina ta da gwangwanin allurai, ƙafa na taka keke, ido ɗaya a kan ɗinki, ɗaya a kan fim. Na sha ɗinke hannun riga a baibai saboda ku, ban kuwa taɓa kawo ƙarar kowa ba. Don haka abin da zan faɗa daga bakin mai sayen kayanku ya fito.

Akwai wata baiwar Allah da ke haya a ɗaki ɗaya a gidanmu, sunanta Falmata. Daga wani gari na Borno ta zo, ba zan faɗi sunansa ba, ita da 'yarta Yagana da wani jariri wanda bai daɗe ba bayan isowarsu Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka shiga garinsu, mijinta Modu, mai sayar da bandar kifi, ya tura su gaba, ya ce su bi ta bayan makaranta su faɗa gonaki, shi zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Rabonta da shi ke nan. Ba a ga gawa ba, ba a ga wanda ya ga gawa ba, ba a kuma ga wanda ya gan shi da rai ba. Shekaru sun wuce tana nan a tsakani, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Limamin unguwarmu ya gaya mata tana da damar zuwa gaban alƙali a yanke mata hukunci ta huta. Takan ce to, amma duk ranar da aka sa sai ta tashi da ciwon kai.

Ita ke taya ni sa maɓalli da kalmasa. Da farko in ta ji harbi a waya sai ta ajiye allura ta shige ciki. A hankali ta saba, har ta kai tana yi wa jarumai faɗa da Hausarta mai ɗan karkata, tana cewa wannan ba shi da wayo, ga bos a bayansa yana ta surutu. Na ji daɗin ganin haka, na ɗauka sauƙi ne ya fara zuwa.

Ga abin da ya faru. Na kasa shi bisa irin finafinan da kuke fitarwa, don ka san inda za ka duba.

Na ɗaya, finafinan faɗa da harbe-harbe.

Tunda gaskiya na zo faɗa, waɗanda suka fito kwanan nan ƙara ta yi musu yawa, labari ya yi kaɗan. Jarumi ɗaya ne kullum, fuska a murtuke, ko matarsa ta rasu ko an sace 'yarsa, sai ya shiga gari ya yi ta zubar da maza kamar mai tsinkar zogale. A harbe shi a kafaɗa, ya yaga riga ya ɗaure, ya ci gaba da gudu har da tsallake katanga. Mu da muka san abin da harsashi ɗaya yake yi wa mutum, wani lokaci abin dariya yake ba mu, wani lokaci haushi. Duk da haka ina kallo, saboda mai fassarar nan naku da ya iya muryar tsohuwa yakan sa wa bos baƙar magana irin ta 'yan tasha, ni kuwa ina son wannan.

Wata rana da damina, bayan azahar, muna kallon wani da aka kai wa babban birnin Turawa hari. Dogayen gidaje na rushewa, mutane farare fat suna gudu a titi. Falmata na gefena da farantin maɓallai a cinya. Ana cikin ihun masu gudun sai na ji farantin ya kife, maɓallai suka watse har ƙarƙashin keke. Na ɗaga kai na gan ta a tsaye, baki a buɗe, idonta a kan wayar. Ta ce, "Adda, mayar baya." Na mayar, na ƙara murya. A ƙarƙashin rugugin jirage da kururuwar mata akwai muryar wani namiji, a dishe, yana ta kiran suna: Falmata, Falmata. Sannan ya yi wata magana da yaren da ba Turanci ba, ba kuma Hausa ba. Ta ce Modu ne. Ta ce tun yana saurayi hayaƙin banda ya dishe masa murya, ko a cikin kasuwa ya yi tari tana gane shi.

Na ce mata kunne ne kawai, Falmata nawa ce a duniya. Ina faɗa ina jin rashin kan maganar, don me zai kai wata Falmata birnin Turawa? Na aika aka kira wata maƙwabciyarmu 'yar Kanuri wadda ba ta san Modu ba, ba ta kuma san yadda suka rabu ba. Na kara mata wayar a kunne ban ce komai ba. Ta saurara, ta ce wani ne yake gaya wa matarsa ta kwashi yara ta bi ta bayan makaranta, kada ta jira shi. Ta ce daga nan ya fara wata magana, sai aka yanke. Ta miƙo mini wayar da sauri, ta goge tafin hannunta a zani, ta fita ko sallama babu.

Abin da Modu ya gaya mata ranar da suka rabu ke nan, babu ragi babu ƙari. Maganar da ya fara aka yanke kuwa, ita ba ta ji ta ba a wancan lokacin, don ta riga ta juya da gudu, goyo a baya, Yagana a hannu.

Washegari na tafi Dawaki wurin wanda yake yi mini turi, na tambaye shi yadda aka yi Kanuri ya shiga fim ɗin Turawa. Ya bayyana mini abin da kai ka fi ni sani. In za a cire Turanci a sa Hausa, wani lokaci sautin gaba ɗaya yake tafiya, har harbin da ihun, hoto ya koma bebe. Dole mai fassara ya nemo wani ihun ya liƙa. To ihun Turawa ba ya ratsa jikin mutanenmu, shi ne wasu suke ɗaukowa daga hotunan da aka riƙa ɗauka da waya a garuruwan da aka kai wa hari, waɗanda suka yi ta yawo ta bulutut. Yana cin gyaɗa yake gaya mini wannan. Har da cewa, "Ai Adda shi ya sa namu ya fi na ko'ina rai." Na karɓi memorina na fito.

Na biyu, finafinan ban tsoro.

Ban taɓa jin tsoron fatalwar Bature ba. Gida ne ƙato a bayan gari, an gaya musu duk wanda ya zauna a ciki ya haukace, amma su kwashi kaya su tare. Su ji motsi a ɗakin ƙasa, maimakon a kira maƙwabta sai mace ɗaya ta ɗauki tocila ta sauka ita kaɗai, ko bisimilla babu. Na bana ma sun fi na da lalaci, jini ne kawai ake kwararwa, sai a buga ƙara a firgita mutum a ce wai tsoro ne. Wanda ya taɓa tsayawa a layin bincike a ƙofar kasuwa yana satar kallon jakar na gabansa, ba ƙofa mai ƙara ce za ta kaɗa masa hanji ba.

Amma akwai wanda kuka fitar gab da azumi, na matattu da ke tashi daga kaburbura su bi gari. Ba ni na turo shi ba. Samarin layinmu ne suke kallo a dakalin ƙofar gida da hantsi, sun ƙure sifika. Mu muna zaure, ba ma ganin hoto, sauti kawai ke shigowa. Sai ga shi. Rana tsaka, akuya na kuka, mai ruwa na wucewa da kura, muryar nan a dishe ta shigo ta ƙofar zaure tana kiran Falmata. Ƙafata ta sauka daga kan keke ban sani ba. Falmata ta fita ko mayafi babu, ta tsaya a kansu. Yaran suka tsorata suka miƙa mata wayar. Abin da ta gani, matattu sun cika titi, tufafi a yage, ƙasa a gashinsu, suna tafe a hankali. Mai fassarar kuma ya saita muryar daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu ya juyo ya buɗe baki yana duban mai kallo.

Ta dawo ta zauna, ta ɗauki rigar da take wa maɓalli. Can ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko masu fim ɗin sun san wani abu ne da suka sa shi a cikin matattu. Na ce ba su san komai ba, aikin kwamfuta ne. Ta ce ai a wancan cikin masu gudu yake, yanzu kuma ga shi cikin waɗannan. Ranka ya daɗe, me kake so in ce mata? Ranar ba ta ci abinci ba.

Fim ɗin kuwa ya karɓu, ina taya ku murna. Mai shayi yana da shi, mai aski yana da shi, ɗan acaɓa da ke jiran fasinja a bakin layi yana da shi. Tsakanin gidanmu da injin niƙa ba wani nisa ba ne, amma sai mijinta ya kira ta a hanya daga wayar mutumin da bai ma san tana duniya ba. Ta daina zuwa niƙa. Ta daina zama kusa da ƙofar zaure, ta koma can lungu inda haske bai isa a zura zare a allura ba.

Na uku, katun.

A nan raina ya fi ɓaci, ka yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Katun na yanzu ba wasan yara ba ne, in gaskiya za a bi sun fi na manya hankali. Akwai labari, akwai tausayi, zanen kuma har gashin jikin dabba ana gani yana kaɗawa. Na sha share hawaye a kan wata 'yar dabba da ta ɓace wa uwarta, ina ce wa masu kawo ɗinki zare ne ya faɗa mini a ido. Saboda haka da na hana finafinan manya a gidan, katun kaɗai na bari. Na ce nan dai babu abin da zai biyo mu.

Yagana 'yar firamare ce yanzu. Ranar wata Asabar da safe na ba ta wayata ta shiga ɗaki. Katun ne na namun daji, gobara ta tashi, giwa da zomo da barewa suna ta gudu. Ba a jima ba ta fito da wayar a hannu. Ba kuka take ba, murna take, har da tsalle. Ta ce wa uwarta, "Ga Baba a daji, yana kiranki." Ta ce ita da ma ta san ba ɓata ya yi ba, wuta ce ta tare masa hanya. Sannan ta juyo gare ni ta tambaya me ya sa dabbobin ba su tsaya sun jira shi ba.

Har yau yarinyar nan tana roƙon a ba ta wayar ta duba ko ya fito. Takan tsayar da hoton, ta kawo shi kusa da ido, tana leƙen tsakanin bishiyoyin da aka zana. In na hana ta sai ta koma bayan ƙofa, in na ba ta kuma ni ke kasa zama a ɗakin. Wane irin mutum ne zai zauna gaban kwamfuta, ya ga zomo na gudu, ya ce ihun da ya dace da shi shi ne na mutanen da ake kashewa? Ina so ka tambaye shi a madadina.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani. Duk sabon fim sai an ɗan ƙara wa muryar ƙarfi, ina jin don ta fi fitowa. A na farko can ƙasa take, sai an kasa kunne. A na matattu ta fito sosai. A katun kuwa kamar a ɗakin yake tsaye. Na bayyana wa Falmata cewa maɓalli ne kawai ake murɗawa. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Da ta tashi shiga ciki sai na ji tana ce wa kanta yana matsowa.

Na huɗu, finafinan bincike masu ɗaure kai.

Su na fi so duk cikin kayanku. A ɓoye maka wanda ya yi kisan, ka zargi direba, ka zargi matar gida, ashe ɗan sandan da ke binciken ne. Wasu na kwanan nan suna jan rai fiye da kima, sai mutum ya gama riga guda ba a ce komai ba. Amma ko mafi lalacewarsu yana da ladabi ɗaya, ba ya sallamar mai kallo sai ya gaya masa abin da ya faru. An ce mini muryar tana cikin guda daga cikinsu ma, wurin da wani abu ya fashe a tashar jirgin ƙasa. Ban duba ba, na gaji da dubawa. Abin da na yi shi ne na bi sawu yadda suka koya mini. Maigidana ya ce in bar maganar, irinta ce ake ɗauke mutum a kanta a rasa inda aka kai shi. Na ba shi haƙuri, na ce in na bari ba zan iya haɗa ido da matar da muke kwana gida ɗaya ba. Daga mai turi na Dawaki na je wurin wanda yake saro masa, daga shi aka kwatanta mini wani ɗaki a Barunde, bayan wani shagon caji, an lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu don kada sauti ya fita.

Na sami mai fassarar a ciki. Saurayi ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika aka sayo mini ruwa. Ashe shi ne mai muryar tsohuwar nan da ke ba ni dariya. Ba zan faɗi sunansa ba, ka san shi. Da na kunna masa wurin bai musa ba. Ya ce duk cikin ihun da yake da shi wannan ya fi kyau, shi ya sa yake yawan sa shi, abokan sana'a ma da dama sun karɓa a wurinsa. Da na gaya masa ko muryar waye, da wadda ake kira, sai ya dafe kai ya ce, "Sori Adda, wallahi ni ban san magana ce ba." Ya ce ba ya jin Kanuri, a kunnensa duk hayaniya ce. A kan wannan na yarda da shi.

Sai na tambaye shi asalin abin. Ya ce bidiyo ne mai tsawo, wani ya ɗauka yana gudu, shi sautin kawai ya yanko. Na ce me ya sa ya yanke daidai inda mutumin ya fara magana. Ya ce abin da ya biyo baya ba zai shiga fim ba. Na ce mene ne ya biyo baya. Ya dubi kwamfutar, ya dubi bango, ya ce shi bai kalla har ƙarshe ba. Wanda bai kalla ba, ina ya san ba zai shiga fim ba? Na roƙe shi ya nuna mini, ko ya tura mini. Ya ce in aka kama ni da shi a shingen bincike daga ni har shi mun shiga uku, kuma dokar ƙungiya ce ba a fitar da irin waɗannan sai da izinin shugaba. Ko da gaske akwai dokar, ko a nan take ya ƙirƙiro ta, kai ka sani. Da na koma sai na tarar da kwaɗo a ƙofar, mai cajin ya ce ya tafi ƙauye. Har yau yana ƙauye, amma sababbin fassararsa ba su daina fitowa ba.

Na gaya wa Falmata akwai sauran hoton, don haƙƙinta ne ta sani. Yadda fuskar saurayin ta yi kuwa na bar wa cikina, tunda fuska ba shaida ba ce. Niyyata ta farko ita ce in nemi a goge komai kowa ya huta. Ita ta hana ni. Ta ce ba ta fito da hotonsa ko ɗaya ba, ko hularsa ba ta ɗauko ba, wannan muryar ita kaɗai ta rage mata.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne mafi girma: kada a goge asalin bidiyon. Na san abin da zai fara zuwa ran yaranka in suka ga wannan wasiƙa, na kuma san tsoronsu ba na banza ba ne. To su kwantar da hankali. Ban kai maganar gaban hukuma ba, ba kuma zan kai ba. Ban ambaci sunan kowa daga cikinsu ba, ba zan ambata ba. Na yi ta juya abin a raina kafin in rubuta, don na san rubutun nan da kansa yana iya sa a goge. Amma na ƙwanƙwasa duk ƙofar da na sani ba a buɗe ba. Wanda ya danna ya goge, ya sani ba shi da sauran abin da zai ce wa matar nan, duniya da lahira.

Na biyu, a nuna. Ba sai an damƙa mana a hannu ba. A kawo kwamfutar gidan liman, ko a faɗa mana inda za mu zo. Liman ya yarda zai kalla, tare da wani dattijo ɗan garinsu da ya san Modu ido da ido, su biyu za su gaya mata abin da suka gani. In ta ce sai ta gani da idonta, wannan kuma tsakaninta da Ubangijinta. In izininka ake jira, to ga shi ina nema a gaban jama'a.

Na uku, a cire muryar daga duk abin da za ku fitar nan gaba, a fara da katun. Na san wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa, amma kuna iya daina turawa.

Na huɗu, ku tara duk irin waɗannan sautuka da ke kwamfutocinku, ku nemi masu jin yarukan can su saurara. Ba Modu kaɗai ke ciki ba. A ɗan guntun nan ma akwai wata mace da ke kiran wani suna, akwai wani tsoho da ke salati. Garin nan cike yake da mutanen Borno, suna kasuwa, suna tasha, suna haya a gidajenmu, kuma suna sayen finafinanku. In ihu kuke buƙata, ku zo layinmu ku tara samarin dakali ku saya musu shayi da burodi, za su yi muku wanda zai ishe ku shekara.

Za ka ce me ya sa nake gaggawa, abin da aka yi shekaru ana jira. Makon jiya na lallashe ta ta raka ni kasuwa sayen zare da shafi. Mun wuce masu bincike, mun shiga layin 'yan koli, sai wani mai shago yana kallo a wayarsa, Modu ya yi kira. Da can takan daskare, ko ta toshe kunne ta ƙara sauri. Wannan karon juyawa ta yi, ta ce "Na'am," a hankali, yadda mace ke amsa wa mijinta daga madafi. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana jiran sauran maganar. Fim ya ci gaba da harkarsa, masu dako suna ce mata a ba da hanya, ita tana tsaye, kai a ɗan karkace. Sai da na kamo hannunta. Tun daga ranar duk inda ya kira sai ta amsa. Shekaranjiya da rana ina yanka atamfa na ji ta amsa daga cikin ɗakinta. Na ajiye almakashi na duba, wayata a kashe take, babu wuta a unguwar, babu kowa a dakali.

Ni ba likita ba ce, amma tsoro nake ji, kuma wannan tsoron ba irin na finafinanku ba ne. In aka bar ta a haka, Yagana za ta rasa uwa alhali uwar na zaune a gabanta. Mutumin nan ya fara yi wa matarsa magana, yaronka ya katse shi. Ka sa a bar shi ya ƙarasa. In mutuwa ce ta biyo baya, ta shiga takaba, ta yi masa addu'ar da ake yi wa mamata. In ya tsira ne, ta san mai rai take jira. Na karanta mata wannan wasiƙa kafin in aika, ta ce in ƙara maka da cewa ko wanne ne ta shirya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare ka da iyalinka daga ganin irin ranar da Falmata ta gani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuma ba ka ikon yin abin da ya dace tun tana gane masu yi mata magana.

Wassalam.

Hajara mai ɗinki,
Kagarawal, Gombe.